Abin da Maganaɗisu Ya Kama

Malama Khadijat ta zuba garin ƙarfe a kan yashin da ke cikin faranti, ta juya da tsinke har suka haɗe. 'Yan matan aji ɗaya na babbar sakandare sun bar kujerunsu sun kewaye teburin, domin a makarantar nan ta Roni ba kullum ake fito da kayan gwaji ba.

"Jiya mun ce duk abin da yake da nauyi kuma yake cin wuri, ɗayan uku ne," in ji ta. "Ko dai sinadari ne tsantsa, kamar ƙarfe. Ko sinadarai ne suka haɗu suka zama wani sabon abu, kamar gishiri. Ko kuma gauraya su kawai aka yi, kowa yana nan da halinsa. Wannan wanne ne?"

"Gauraye ne, Malama."

Ta ɗauko maganaɗisu ta yi shawagi da shi a saman farantin. Garin ƙarfen ya miƙe ya manne masa kamar gashi, yashin ya tsaya inda yake. Yaran suka yi ta ture juna don su gani.

Christabel, wadda mahaifinta ke aiki a sakatariya, ta ɗaga hannu. "Malama, duk wani ƙarfe ne yake kamawa? Har zinare?"

"Zinare ba ya bin maganaɗisu. Yana cikin abubuwan da ake gane shi da su. Matso ki gani."

Ta goge maganaɗisun, ta janye hannun hijabinta, ta kai shi kusa da awarwaron da ke hannunta na hagu. Kafin ya taɓa shi, awarwaron ya zabura ya manne, har da 'yar ƙara.

Ta ɓanɓare shi ta gwada ta ɗaya gefen. Ya sake kamawa. Ta juya shi ta gwada ta ciki, nan ma haka.

Wata daga baya ta yi dariya, sauran suka ɗauka, a zatonsu dabara ce Malama ta shirya musu. Christabel kaɗai ce ba ta yi dariya ba, tana kallon fuskarta.

"To," in ji Khadijat a hankali, "kun ga wannan ba zinare ba ne ke nan. Ku koma ku zauna."

Ta ƙarasa darasin. Ta rubuta musu daskararru da masu gudana da iska a allo, ta sa suka kawo misalai, ta ba su aikin gida. Da aka buga ƙararrawa ta kulle kanta a ɗakin gwaji. Ta ɗora awarwaron a ma'auni, ta tsoma shi a kofi cike da ruwa, ta tari abin da ya zubo ta auna, ta raba nauyinsa da yawan ruwan, ta yi lissafin sau biyu. Zinaren ado, ko an sirka shi, yakan ba da sha biyar ko fiye. Wannan bai cika takwas ba. Ta ɗauko magagari ta goga cikinsa kaɗan. Ruwan zinaren ya kau, fari-farin ƙarfe ya leƙo.

Awarwaro biyu Inna ta bari da ta rasu, iri ɗaya, ɗaya na Khadijat, ɗaya na yayarta Mairo. Shekara goma sha ɗaya yana hannunta, sau ɗaya ya taɓa barin jikinta. Bayan babbar sallar bara ya lanƙwashe a bakin ƙofa, mijinta Muhammadu Lawal ya ce zai je Kano, ta kawo a gyara mata. Ya dawo da shi yana ƙyalli. Ta tuna ta ce masa ya yi mata sakayau a hannu, ya ce ai dattin shekaru aka wanke. Ta yarda. Ita da take koya wa 'ya'yan mutane cewa kowane abu da nauyinsa, ta yarda.

Ba ta nufi gida ba. Ta shiga motar Kazaure, aka cusa su huɗu a baya da buhun gyaɗa a kan ƙafafunsu. Mairo take son gani. Ita ta riƙe ta tun Inna tana jinya, ita ta yi mata kayan ɗaki, kuma duk wata matsala ta gidan aure a shagonta na ɗinki Khadijat take sauke ta.

Ta tarar da ita tana kan keke tana haɗa wata riga. Suka gaisa, Mairo ta tambayi mutanen Roni, ta miƙo mata ruwa. Khadijat ba ta sha ba. Ta cire awarwaron ta ajiye a kan keken.

"Yaya, wannan ba na Inna ba ne."

Mairo ta tsayar da ƙafarta. Ba ta ɗauka ta duba ba, ba ta tambayi me ya faru ba. Ta ce, "Ya gaya miki ke nan?"

Khadijat ta daɗe tana kallonta. A waje wani mai rake yana ta kiran ciniki.

"Bai gaya mini ba. A gaban ɗalibaina na gani. Ke yaushe kika sani?"

"Zauna mana, Khadijat."

"Yaushe kika sani, Yaya?"

Mairo ta gyara ɗankwalinta. Ta ce nan Muhammadu Lawal ya fara biyowa kafin ya wuce Kano. Ƙaninsa Zaharadeen ya rasa aikin yi, matarsa da tsohon ciki, ya haɗa kai da wasu za su tsallaka ta Nijar su bi sahara. Uwarsu ta daina cin abinci. Muhammadu Lawal ya ga in aka saya masa babur yana acaɓa zai zauna, sai ya ba da awarwaron jingina ya sayi babur ɗin. Ya yi alkawarin da kaka zai fanso awarwaron, ko ya sa a ƙera irinsa na gaske.

"Kaka ta wuce tun yaushe," in ji Khadijat.

"Damina ba ta yi masa kyau ba, kin sani."

"Wa ya nuna masa inda ake yin na bogi?"

Mairo ta sunkuyar da kai tana tsince zare daga zaninta. "Na san ba za ki yarda ba in an tambaye ki. Na ga rai ne za a ceta. Na ce in dai za a mayar miki ba ki sani ba, me ya ragu?"

"Wata takwas ina zuwa shagon nan. Kin taɓa riƙe hannuna kika ce ya yi kyau da aka wanke shi."

Mairo ta ci gaba da tsince zaren.

Khadijat ta dubi hannun yayarta. Ɗan'uwan awarwaron yana nan, launinsa ya ɗan dushe, da 'yar lotsawar da suka sani tun suna yara.

"Tunda rai za a ceta, Yaya, me ya hana ki ba shi naki?"

Mairo ta ja baya kaɗan. Hannunta na dama ya kai kan awarwaron ya rufe shi, kamar ba da saninta ba.

Khadijat ta ɗauki jakarta. Mairo ta biyo ta har bakin titi tana cewa ta tsaya su yi magana, kada ta kashe aurenta a kan ƙarfe, ta tuna mutumin nan bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ba ta waiwaya ba.

Ta isa tasha ana kiran la'asar. Wayarta ta yi ƙara, Muhammadu Lawal ne. Ta san Mairo ta riga ta kira shi. Ta ɗauka ta yi sallama, ta saurara. A ranta ta ƙudura cewa in ya ce ta yafe masa, za ta koma gida su yi maganar a ɗaki.

"Khadijat, kina ina?"

"Ina tasha."

Ya yi ajiyar zuciya. "Don Allah abu ɗaya nake roƙonki. Kada Zaharadeen ya ji. Bai san komai ba, in ya ji zai ajiye babur ɗin ya tafi. Kuma kada maganar ta kai Babura."

A Babura Baffa Daudu yake, ƙanin mahaifinta, wanda ya ba da aurenta.

Ta jira ko akwai saura. Sai numfashinsa take ji, da kukan awaki a bayansa.

"Kina ji na?"

"Na ji."

Ta kashe wayar. Motar Roni tana gabanta, saura mutum biyu ta cika, direban ma ya gane ta yana yi mata hannu. Ta gaishe shi, ta ce yau ba can ta yi ba. Ta tsallaka ɗaya ɓangaren, ta tambayi ɗan kamasho wacce ce ta Babura. Ya nuna mata wata farar mota da babu kowa a ciki tukuna, ya ce sai ta yi haƙuri, za a daɗe ba ta cika ba.

"Ba komai," in ji ta. Ta buɗe ƙofar baya ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.