Iskar Morro

Osniel ya ɗaure ƙullin a wutsiyar ciringar. Ciringar shi ya haɗa ta, takarda ja a kan tsinke, irin wadda yara ke sakar wa zare ta tashi sama. Filin gaban tsohuwar ganuwar Morro ya cika da irinta, ranar Lahadi ce. Tasa kaɗai ke ɗauke da tokar gawar mutum.

"Ka yi sauri mana," in ji yayarsa Yamilet. "Ga mai gadi can. In ta gane, ƙwacewa za ta yi."

"Na gan ta."

"Ka gan ta kake ɗauri kamar tsohuwa?"

Mahaifinsu Evaristo mutumin Santiago ne, can Kuba, inda Sifaniyawa suka gina wata ganuwar a bakin teku, ita ma Morro. A gindinta aka haife shi. Da ya gudo nan San Juan ya tarar da takwararta, sai ya zauna. Shagonsa na aski sunansa Morro, karensa ma Morro. Amma ko sau ɗaya bai taka cikin wannan ba. Ta aro ce, yake cewa. Da zai cika ya ce a mai da shi gindin tasa. Hanya kuwa ba ta samu ba. Iskar gabas kaɗai ke zuwa Kuba ba takarda.

Ciringar ta yi tangaɗi, ta haye. Osniel ya yi ta sakin zare har ta zama ɗigo.

"Sake ta!" Yamilet ta ce. "Ga mai gadin nan tafe."

Kafin ya motsa inuwa ta faɗo a kan ƙafarsa. Mace ce mai jiki, hularta mai faɗi, sunanta Migdalia a rubuce a ƙirji. Ta daɗe tana kallon sama.

"Samari, wutsiyarka ta yi nauyi. Me ka ɗaura?"

"Yashi ne," in ji Yamilet.

"Ba ke na tambaya ba, 'yar uwa."

"Babana ne," in ji Osniel.

"Ka san an hana?"

"Na sani."

"Ina zai je?"

"Santiago."

Ta ɗaga kai ta dubi tutar da ke saman ganuwa. Ta yi tsaki.

"Kai dai ba ka taɓa wasan ciringa ba. Dubi tutar can. Iska ta juya. Ka sake shi yanzu, a maƙabartar gindin bangon nan zai sauka, cikin mutanen da bai sani ba. Ka jira sai tuta ta nuna yamma." Ta gyara hularta. "Ni yashi aka ce mini."

Ta nufi wasu yara da suka haye bango tana daka musu tsawa.

Suka jira. Zaren ya yanka yatsansa har jini ya fito. Mai sayar da ƙanƙara ya wuce yana kaɗa ƙararrawa. Can tutar ta lanƙwashe, ta miƙe, ta nuna yamma.

"Yanzu," in ji Yamilet.

Bai saki ba.

"Osniel. Yanzu!"

"Yana ja, Yaya," ya ce a hankali. "Kamar lokacin da yake tsallakar da ni titi."

Yamilet ta dubi hannunsa, ta dubi tutar. Ta sunkuya ta sa haƙori ta datse zaren.

Guntun ya zube a wuyan hannunsa. Har ɗigon ya ɓace bai buɗe tafinsa ba.