Dakalin Alwala da Bangon Inna Rahama

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya nauyaya haƙƙin maƙwabci a kan bayinsa.

A unguwar Gamkalley ta birnin Yamai, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima saboda kusancin kogi, akwai wani ƙaramin masallaci da teloli da direbobi da ƴan kasuwar unguwa suke sallah a ciki. Jikinsa gidan Inna Rahama yake, dattijuwa mutuniyar Tahoua wadda mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki guda da tsakar gida. A gindin bangon ɗakin nan, ta waje, Alhaji Yahaya mai sayar da atamfa ya gina dakalin alwala ya ja masa famfo, ya ce Allah Ya kai ladar kabarin mahaifinsa. Jama'a suka yi ta sa albarka, ba wanda ya tambayi inda ruwan zai bi. Ruwan kuwa bai bi ko'ina ba. Nan gindin bango yake kwanciya, ƙasa tana shanyewa, rani da damina.

Da shekaru suka ja, tsaga ta ɓullo daga kusurwar taga, ta gangaro a karkace tana bin layin bulo. Inna ta sa aka shafe ta da siminti, ta sake buɗewa, ta fi da faɗi. Ƙofa ta daina shiga gurbinta, gindin bango ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Da ta kai kuka wurin Alhaji Yahaya, sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Inna, ruwan alwala ai albarka ne. Wasu nema suke ya taɓa gidajensu." Ya aika mata da ragowar siminti a leda.

Subhanallahi! A rushe wa marar ƙarfi makwancinta, sannan a ce mata ta gode.

Ganin hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai Inna Rahama ta tari liman, Malam Zubairu, bayan Azahar. Ta ce, "Malam, ba na son in zama mai jayayya da masallaci. Amma ka shigo ka gani da idonka."

Ya yi sallama ya shiga. Hasken rana yana ratsowa ta cikin tsagar har kan gadonta. Ya zura hannu, yatsunsa suka wuce. Ya aika aka kira Abdou maso, wato magini. Abdou ya haƙa rami a gefen dakali, bai kai gwiwa ba sai ga caɓi. Ya ɓalli bulon tushe da hannu, ya marmashe.

"Malam, tushe ya nutse ta wannan gefen," in ji Abdou. "Shafe ba zai yi magani ba. Sai an tokare bango, an gyara ƙarƙashinsa. Dakalin nan kuma dole ya tashi, in ba haka ba damina za ta ƙarasa aikin."

Bayan La'asar liman ya tsayar da jama'a, ya fito da su bakin ramin. Nura direba ya leƙa, ya kama baki.

"Ashe mu ne muke cin gidan Inna da butocinmu, muna fita muna cewa Allah Ya karɓa!"

"Kai dai ka fi kowa," in ji Salim tela. "Alwalarka ai wanka ce."

Wasu suka yi dariya. Fuskar liman ba ta saki ba.

Alhaji Yahaya ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan dakali sadakar mahaifina ce. In aka fasa, an yanke masa lada. A ƙara shafe bangon, ni zan ɗauki nauyi."

"Alhaji," in ji Malam Zubairu, "wace lada kake aika wa mahaifinka? Tsohuwar nan tana kwana tana kallon bango, tana tsoron ya faɗo mata. Mu kuma muna wanke gaɓoɓinmu a kan tsoronta, mu shiga mu fuskanci alƙibla. Addinin da na karanta bai halatta a nemi kusanci ga Allah da cutar da maƙwabci ba. Kuma ta zo maka da kukanta, ka sallame ta da siminti a leda!"

"In aka taɓa dakalin nan, ƙafata ba za ta sake taka masallacin nan ba."

"Masallatai suna da yawa a Yamai, Alhaji. Ɗakin Inna ɗaya ne."

Liman ya miƙa hannu, Abdou ya ba shi guduma. Ya yi bismillah, ya ɗaga da ƙarfin tsufa, ya sauke a kan dakali. Ɗan gefe kaɗai ya ɓalle. Nura ya karɓa yana cewa, "Kawo, Malam, kada mu rasa liman ma." Alhaji Yahaya ya sa takalmansa ya wuce, bai waiwayo ba.

Washegari aka mayar da Inna Rahama gidan liman, wajen iyalinsa. Aka tokare bango da itatuwa ciki da waje. Abdou bai yarda a tone tushen gaba ɗaya ba, don kada ginin ya zauna. Sai a haƙa ɗan yanki, a kwashe caɓi har a kai ƙasa mai tauri, a jera ƙarfe, a zuba siminti da tsakuwa, a bari ya bushe, sannan a matsa gaba. Teloli suka yi dakon yashi, direbobi suka kawo dutse. Wurin alwala ya koma can ƙarshen fili, tiyo yana kai ruwansa cikin rami mai duwatsu.

Alhaji Yahaya ya cika maganarsa, har yau a wata unguwa yake sallah. Ruwan farko na damina kuwa ya sauka Inna Rahama tana cikin ɗakinta, tana jan carbi, bayanta a jingine da bango.