Kwanan Wata a Tab ɗin Marigayiya

Ƙarfe goma da rabi na safe wani tsohon direba ya shigo laburare, rungume da tab, babbar wayar nan mai kama da allo, a ƙirjinsa. Ta matarsa ce. Shekara biyu ke nan da rasuwarta, shekara biyun nan kuma tab ɗin tana kwance a durowa, sai jiya ya sa mata caji.

Auta, 'yarsu da ke aure a nesa, za a shiga da ita tiyata ƙarfe sha ɗaya. Ta ce murya ba za ta ishe ta ba, fuskarsa take so ta gani kafin a yi mata allurar barci. Wayarsa kuwa 'yar ƙarama ce mai madannai. Maƙwabcinsa ne ya ce masa akwai wayifai, wato intanet na kowa da kowa, a laburare.

Ya zauna kusa da taga, ya danna sunan wayifai ɗin kamar yadda aka nuna masa. Alamar ta cika fal, amma komai ya ƙi buɗewa. Ya sake dannawa. Ya ɗaga tab ɗin sama, ya juya ta gabas da yamma.

"Baba, ba rediyo ba ce," in ji ma'aikaciyar laburaren, tana danne dariya. "Kawo mu gani."

"'Yar nan, shekara talatin ina tuƙa bas, ba injin da ya taɓa raina ni irin wannan faranti."

Ta kashe wayifai ɗin ta kunna. Ta kai shi ƙarƙashin akwatin wayifai da ke liƙe a bango, mai ƙyafta koren haske. Ta ce akwai shafin da ya kamata ya fito a danna amincewa, kafin a bar mutum ya shiga. Shafin ya ƙi fitowa, sai wani gargaɗi da jan rubutu. Direba ya dubi agogon bango: saura minti goma sha biyu.

"Au!" ta ce. "Ga matsalar. Dubi kwanan wata. Ita a ganinta har yanzu muna shekara biyu baya, shi ya sa shafin bai yarda da ita ba."

Ya matso da tab ɗin kusa da idonsa. Sha huɗu ga watan uku. Ya san ranar. A ranar, kwana huɗu da binne ta, ya zauna a bakin gado yana kallon hotunanta har cajin ya ƙare a hannunsa. Ashe abin nan a can ya tsaya. Ya ji wani irin tausayinsa, kamar ya haɗu da wanda suka yi zaman makoki tare, wanda bai taɓa ce masa ya yi haƙuri ba.

"In an gyara, hotunan za su goge?"

"Ko ɗaya ba zai taɓu ba, Baba."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Ranar kawai za ta koma ta yau."

Ta kai yatsa, ya riƙe gefen tab ɗin. "Bari ni in yi. Nuna min."

Ta nuna masa. Yatsansa mai kauri ya zarce shekarar, ya dawo, ya sake zarcewa, kafin ya tsaya daidai. Shafin ya buɗe. Ya danna amincewa, ta nemo masa hoton Auta ta danna kiran bidiyo, ta ja shi zuwa baranda don kada masu karatu su harare su.

Ƙara biyu aka ɗauka. Ga Auta a kan gadon asibiti da hular tiyata, idanunta jawur.

"Baba! Ka kusa kashe ni tun kafin likita ya taɓa ni. Sunan Mama ne ya fito min!"

"Ni ne dai, Auta. Haƙuri za ki yi da tsoho."

"Goshinka kawai nake gani. Sauke ta ƙasa kaɗan."

Ya sauke.

"Yawwa," ta ce, tana share ido da bayan hannu. "Tsaya haka. Kar ka motsa har su zo ɗaukata."