Tsanin da Baba Ya Riƙe

Ƙanena injiniyan lantarki ne, amma shekara da shekaru yana zaune a shagon niƙan Baba, yana kaɗe gari daga gira. Injin niƙan nan mai aiki da lantarki shi ya yi masa karatu, shi ke ciyar da mu. Mu Auta muke ce masa, mutanen ƙauye kuwa Injiniya, wasu da gaske, wasu don tsiya.

Ba inda bai kai takardunsa ba: tashar wuta, masu kafa sola, 'yan kwangilar turaku. Kowa sai ya ce a dawo.

Rannan kamfanin wuta ya kira shi. Tambaya ɗaya suka yi masa, wai shi ɗan ƙauyen nan ne na ƙarshen layin wuta? Ya ce e. Suka miƙa masa hular kwano da takalmi. Ni sakarya har da rawa!

Ashe taransifomarmu ce suke so su kwance su kai birni. Sau biyu ma'aikata suna zuwa, samari suna korarsu da jifa. To wa zai jefi ɗan gida?

Sai ga Auta a motar kamfani mai ƙugiya. Kowa ya fito yana murna, Injiniya ya zo gyara. Ya shigo ɗakina, ko zama bai yi ba.

"Yaya, ba gyara aka aiko ni ba. Cirewa ne."

"Kai, ka haukace? Injin Baba fa?"

"In na ƙi, gobe wani zai zo da 'yan sanda ya cire. Ga ba wuta, ga ba aiki."

Ya fice. Raina ya ɓaci, wallahi na zage shi tas. Na ja mayafi na bi bayansa don in tona masa asiri. Ina isa na tarar yana saman turke, Baba na riƙe da tsani da hannu biyu, gari fari fat a gemunsa, yana washe baki.

"A hankali, Injiniya, kada ka faɗo mini."

Na fasa tonon, na koma gefe ina kallo. Auta ya ce wa jama'a za a kai ta gyara ne, har samari suka taya shi ɗaure ta a mota.

Aiki kam ya samu, amma bai sake tako ƙauyen ba. Baba kuwa kullum da safe sai ya buɗe shago, ya goge injin, ya ɗiga masa mai, sannan ya leƙo ɗakina.

"Ke, ɗan'uwanki bai ce yaushe za a dawo da ita ba?"