Ƙafafun Ya'akubu, Sunan Mika'ilu

A ƙauyen Duvu kowa ya san Ya'akubu da gudu. In akuya ta tsinke igiya ta haye dutse, shi ake kira. Firamare kawai ya gama ya koma gonar dawar babansa, amma ransa na kan karatu.

Malam Gabdo, malamin wasanni na wata kwaleji a Mubi, ya gan shi ranar bikin 'yancin kai yana barin 'yan makaranta a baya, ƙafa ba takalmi. Ya ja shi gefe.

"Kana son shiga kwaleji?"

"Ina so, Malam, amma ba ni da takarda."

"Takarda aikina ne. Kai dai ka yi mana gudu a Yola. Sai dai a can sunanka Mika'ilu Adi."

Mika'ilu Adi ɗalibi ne na gaske, ɗan wani ɗan kwangila, wanda ko kaza bai taɓa kora ba. Da sunansa Ya'akubu ya shiga dogon tsere a gasar manyan makarantun Jihar Gongola, ya ciyo wa kwalejin kofinta na farko. Da ya tambayi zancen karatu, Malam Gabdo ya dafa kafaɗarsa ya ce sai baɗi. Baɗi ta zo, ya ƙara ciyo kofi, aka ƙara ce masa baɗi.

A shekara ta uku gwiwarsa ta kumbura ana gobe gasa. Malam Gabdo ya sa aka yi masa allurar kashe zafi, ya tura shi fili. Ya ci tseren, ya faɗi a bakin layi, wani abu ya tsinke a cikin gwiwar. Aka kwantar da shi a bayan bas, kofin yana kujerar gaba, aka sauke shi a tashar Mubi. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙafar ta sandare.

Shekaru suka wuce. Ya'akubu ya yi aure, yana noma a durƙushe. Wata rana ya ji a rediyo kwalejin za ta karrama gwarazanta na wasanni. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki sandarsa.

A filin kwalejin, mai gabatarwa yana ba da tarihin kofunan ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan jarumin da ya ci tsere da karyayyar gwiwa. Mika'ilu Adi ya tashi cikin babbar riga, tumbi a gaba, ya nufi dandamali yana ɗan ɗingishi. Jama'a suka miƙe da tafi.

Ya'akubu ya kutsa har inda Malam Gabdo yake.

"Malam, ni ne."

"Na gane ka," in ji Malam Gabdo a hankali, fuskarsa na murmushi. "Ka buɗe baki, kofunan za a karɓe, kai kuma 'yan sanda su kama ka don ka ari sunan wani." Sai ya juya ga ɗaliban da ke kusa, ya ɗaga murya. "Ku ji wannan bawan Allah. Wai shi ne ya ciyo mana kofuna."

Dariya ta ɓarke. Wani dogon ɗalibi ya fizge sandar ya wurga ta can ƙarshen fili.

"To, Baba, ga fili. Nuna mana."

Wani ya busa usur. Ya'akubu ya dubi Malam Gabdo, ya ga har ya koma hira da baƙi. Ya fara tsalle da ƙafa ɗaya, yana faɗuwa yana tashi, ɗalibai suna bin sa da tafi da kirari har ya kai ga sandar.

Da yamma matarsa Roda ta ga ƙasa a rigarsa, ta tambayi abin da aka ce masa a can.

"Sun gane ni," ya ce. "Ɗora mini ruwan zafi, gwiwar ta tashi."