Hannun Inna Hure

Kwana biyar Inna Hure ta yi da karyayyen hannu kafin ɗanta ya ji labari, shi da yake likitan ƙashi a birnin Kano. Ba mantuwa aka yi ba. Ita ce ta tara mutanen gida ta ce duk wanda ya gaya wa "wancan" ba ta yafe ba. Wancan ɗin kuwa shi ne Dakta Khalilu, ɗanta na fari, wanda tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, tsantsarta. Ranar da aka yaye shi goggonsa ta ɗauke shi, a hannunta ya girma. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango.

Ƙanwarsa Asama'u ce ta karya dokar. Ta buga masa waya da hantsi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yaya, Inna ta zame a bakin rijiya, hannun dama ya karye. Maɗori ya ɗaure, amma yatsun sun kumbura, har sun fara baƙi. Ni dai gara ta yi fushi da ni."

Tun asuba Khalilu yake tsaye a ɗakin tiyata. Shekarun matsin rayuwar nan ne da kowa ya ji a jikinsa. Su shida ne likitocin ƙashi a asibitin, huɗu sun tafi ƙasashen waje neman abinci, ɗaya ya yi ritaya, aka bar shi da layin majinyata har bakin titi. Yau babu filasta, gobe janareta ba mai. Shekara shida ya yi yana karatun likita, ya ƙara wasu shida yana koyon aikin ƙashi, kuma abin da ya fi nanata wa ƙananan likitoci shi ne ɗori mai matsewa yakan kashe hannu cikin 'yan kwanaki. Hannaye nawa ya yanke saboda haka, shi kansa ya daina ƙirgawa. Ya cire safar hannu, ya ɗauki almakashi da bandeji, ya kama hanyar garinsu Tsanyawa.

Gonaki ne hagu da dama, geron bai kai ƙugu ba ruwa ya ɗauke. Bai ma kalle su sosai ba, gajiya ta yi masa yawa.

Ya tarar da ita a kan tabarma, hannun na kan cinyarta, an jera masa karan dawa an naɗe da tsumma tamau. Tana jin sallamarsa ta juya wa ƙofa baya, ta ja mayafi ta rufe hannun. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ɗan abin da ya hango na yatsun ya ishe shi.

"Inna, zan duba hannun."

Ba shi ta amsa wa ba. Ta ce da Asama'u, "Ki ce masa da sauƙi."

"Asama'u, ki ce mata in aka ƙara kwana, hannun za a cire gaba ɗaya."

Ka ji fa, mutum biyu a ɗaki ɗaya suna magana da tafinta, alhali duk Hausa suke ji. Da wata tsohuwar ce da tuni ya daka mata tsawa, ta miƙo hannu. Nan kuwa babban likita ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da almakashi, ya rasa ta inda zai shiga. Haushi ya kama shi, na maɗori, na mutanen gida, har da na kansa. Sai ya cire takalmi, ya ƙetare dokin ƙofar da bai taɓa ƙetarewa ba, ya durƙusa a gabanta ya ɗage mayafin.

Tun da ya yi wayo, ranar ce ya fara taɓa hannun mahaifiyarsa. Ya yanke tsumman, ya zare karan ɗaya-ɗaya. Ya riƙa matsa yatsun yana tambaya ko ta ji. Huɗu ta ce da Asama'u a ce masa ta ji. Da ya zo kan ƙaramin sai ta yi shiru.

"Sai an je Kano, yanzu," in ji shi.

"Ki ce masa a nemo wani likitan ya yi."

Khalilu ya yi wata 'yar dariya ta gajiya. "Ki ce mata babu wani. Duk sun tafi, ni kaɗai na rage."

Da la'asar aka shiga da ita tiyata. Wanzami ba ya son jarfa, sai da ya yi bisimilla sau uku kafin wuƙar ta zauna a hannunsa. Ya tsaga ya saki kumburin, ya daidaita ƙashin, ya cire ƙaramin yatsan da ya riga ya mutu. Hannun dai ya tsira.

Yana tsaye a kanta allurar barci ta fara sakinta. Ta buɗe ido a hankali, ta zuba masa su sosai, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Halilu," ta ce, da irin kiran mutanen ƙauye. "Ka rame. Ka ci abinci kuwa?"

Shekararsa arba'in da shida, bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya san aikin allura ne, ya san ba zai daɗe ba, don haka bai motsa ba, ya tsaya yana riƙe da hannunta mai lafiya.

Can sai ta farka sosai. Ta ga wanda yake riƙe da ita, ta zare hannun a hankali, ta juya fuskarta bango.

"Asama'u," ta ce, "ki ce wa wancan ya je ya ci abinci."