Daƙiƙa Biyu Sun Yi Kaɗan

Ko takalminta na biyu Chizoba ba ta gama sawa ba, kwamfutar ta rubuto da koren rubutu: Lafiya lau.

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a takalmi tana kallon allon.

"Alhamdulillahi!" Malam Hamman ya tafa hannu daga kujerar robar da yake zaune. "Aika musu, 'yar Ejiofor. Aika kafin wuta ta yi halinta."

Malam Hamman tsohon malamin kwamfuta ne. Shekara tara da suka wuce ya rubuta Rariya, manhajar da masu rubuta manhaja ke sawa ta gwada musu aikinsu ta tace kurakurai, ya kuma sake ta kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Da Python na biyu ya rubuta ta, yaren da masu shi suka daina kulawa da shi. Sai ga saƙo daga masu kula da wani babban rumbun manhajojin kyauta: duk wadda ba ta koma Python na uku ba zuwa ƙarfe huɗu na yau, za a cire ta. Idon Malam ya yi rauni, don haka tsohuwar ɗalibarsa Chizoba ta karɓi aikin. Mako uku ke nan tana fama a ɗan ɗakin da ke saman shagon kayan mota na mahaifinta a unguwar Bolari.

Yanzu ƙarfe biyu saura kwata.

"Malam, ta yi sauri da yawa."

"Sabon yare ne ai. Ba don sauri suka yi shi ba?"

"Gwaji ɗari huɗu da goma sha biyu take yi wa kanta. Kullum in na danna, sai na sauka wajen Kande na sayi awara, mun taɓa hira, na hawo, sannan ta gama. Minti goma sha ɗaya. Yau daƙiƙa biyu?"

"To kin huta da yajin Kande."

Ba ta yi dariya ba. Ta cire takalmin ta koma ta zauna. Abin ba tsoro ya ba ta ba, ƙaiƙayi ya yi mata a kai. Ina minti goma sha ɗayan suka tafi?

"Gwaji nawa ta yi, Malam? Ba ta faɗa ba."

"Ba ta taɓa faɗa ba. Ni in zan tafi azahar nake kunna ta, in dawo in tarar ta gama. In da matsala ta yi ja, in babu ta ce lafiya lau. Me zan yi da ƙidaya?"

Chizoba ta buɗe sabon shafi ta rubuta gwaji guda na rainin hankali: biyu a tara da biyu, biyar ne. Ta danna.

Lafiya lau.

Malam Hamman ya gyara gilashinsa, ya jawo kujera har gwiwarsa ta bugi tebur. "Sake."

Ta canza. Ta rubuta cewa ɗaya ya fi dubu yawa.

Lafiya lau.

"Kai!" in ji shi. "Wannan ai gaisuwar asibiti ce. Mutum na kwance da ƙarin ruwa, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi."

A ƙasa wani mai keke yana ta yi wa mahaifinta rantsuwa cewa ba shi ya karya abin ba, haka ya saye shi. Chizoba ta tura tagar, ta shiga bin Rariya layi-layi, tun daga inda take tattara gwaje-gwaje. Tattarawa dai tana yi, ga su nan cif. Ta sa mata alama a bakin wurin da ake gudanar da su, don ta ga ko ana isowa. Ba a isowa. Tsakanin tattarawa da gudanarwa layi ɗaya ne tak, gajere, wanda ba ta taɓa ba ko sau ɗaya a mako ukun nan, saboda bai taɓa yin ƙorafi ba.

Ta nemo bayaninsa a littafin sabon yaren, ta karanta sau biyu, sai ta fashe da dariya.

"Ke, mene ne?"

"Malam, wannan umarnin naka. A tsohon yare, da an ba shi jerin aiki yake yi nan take. A sabon, sai ya rubuta jerin ya zauna, yana jiran wani ya zo ya ce masa tashi. Kamar a tasha ne, an rubuta sunan fasinjoji kaf, mota ba ta tashi ba, aka buga waya gida aka ce babu wanda ya yi hatsari."

"Ikon Allah. Ke nan ba ta gwada komai ba?"

"Ko ɗaya."

Ya dubi agogon hannunsa. Uku saura ashirin. "Na'urar mutanen rumbun can fa, kore kawai take dubawa," ya ce a hankali, ba tare da ya kalle ta ba. "Da kin aika ɗazu, da ta karɓa."

"Da ta karɓa. Sannan duk mai amfani da Rariya, daga nan har Indiya, ta riƙa ce masa aikinsa lafiya lau."

"Gyara," in ji shi. "Ban ce komai ba."

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Ta goge gwajinta na rainin hankali, ta ƙara layin da zai sa Rariya ta faɗi yawan gwajin da ta yi, ta danna. Fankar kwamfutar ta tashi da gurnani. Minti goma sha ɗaya suka jira, sannan allon ya yi ja: sittin da ɗaya sun faɗi.

Malam Hamman ya cire hula ya aje a gwiwa.

Ita kuwa har ta fara karantawa, idonta na ƙyalli. "Duba, Malam, kusan duk ciwonsu ɗaya. Bakwai a raba biyu, tsohon yare uku yake cewa ya zubar da ragowar. Sabon yana cewa uku da rabi." Wuri guda ta gyara, ta gwada waɗanda suka faɗi kaɗai, hamsin da takwas suka tashi. Saura uku, kuma su ne masu taurin kai. Biyu sun ci mata minti ashirin. Na ƙarshen tana buɗe shi mahaifinta ya ƙwala mata kira daga ƙasa, ta ce tana zuwa, ba ta je ba, ta zauna a kansa har shi ma ya tashi.

Huɗu saura minti goma sha huɗu ta danna cikakken gwaji.

Malam ya tashi, ya zauna, ya sake tashi ya leƙa ko janaretan maƙwabta na nan, don ko wuta ta ɗauke. Huɗu saura uku rubutu ya fito kore, da adadi a gefensa: ɗari huɗu da goma sha biyu, duk sun wuce. Ta aika.

Suka zuba wa allon ido. Huɗu ta yi, ta gota da kwata, sannan amsa ta shigo, layi biyu da Turanci. Chizoba ta karanta a zuci, ta juyo.

"Ke, kar ki kashe ni. Me suka ce?"

"An karɓa, Malam. Rariya na nan."

Ya sauke dogon numfashi, ya lallaɓa ya zauna. Can ya nuna kwamfutar da haɓa. "Wannan umarnin mai zaman jira, ina jin na sa shi a wasu manhajojin nawa guda biyu."

Chizoba ta jawo kwamfutar kusa. "Wacce za mu fara buɗewa?"